Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar: wanne za ki fara ɗauka?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya. Kin ce ke tun tasowarki littattafan soyayya da na zaman aure kika sani, yanzu kuma kina son ki leƙa na mutanen da, an ba ki sunaye biyu, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, kina tambayar wanne zai fi kama ki. Duka biyun na karanta su ba sau ɗaya ba, kuma kowanne da inda ya taɓa ni.

Tushensu ɗaya. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, su biyun kuma a cikin wannan gasa suka fito. Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, yana koyarwa a ta Bauci, dukansu samari da ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Sai dai in kika buɗe littattafan za ki rantse ba zamani ɗaya aka rubuta su ba.

Ruwan Bagaja littafin baki ne. Jarumin labarin, Alhaji Imam, ya bar gida neman ruwan da aka ce shi ne maganin cutar ɗan sarki, ya bi duniya gari gari, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta cutar juna, yau wannan ya yi nasara, gobe wancan ya rama, har labari ya kai ga ƙasar aljannu. Ni da na fara karanta shi a ɗaki ni kaɗai, murmushi kawai na yi ta yi. Ban san ƙarfinsa ba sai wani dare da aka ɗauke wuta, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, na haska fitilar waya ina karanta wa yara da ƙarfi. Ɗan autana yana riƙe da kofin koko, da aka zo inda Zurƙe ya sake bayyana sai ya tuntsire da dariya har kokon ya zube masa a riga, yayarsa kuwa tana ta cewa a maimaita wurin. A nan na gane cewa Hausar Imam don kunne aka yi ta. Karin magana na zuwa a inda ya dace, zance na gudu kamar ruwa a gangare. Amma ba zan ɓoye miki ba, ban taɓa jin tsoro don Alhaji Imam ba. Duk ramin da ya faɗa na san zai fito, don haka zuciyata ba ta taɓa bugawa ba. Mata kuma ba su da wani babban wuri a cikinsa.

Shaihu Umar kuwa a natse yake tafiya, kamar yadda malami ke magana da almajiransa, kuma haka aka gina shi: dattijon malami ne ke ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, fadawa suka ƙulla wa Makau sharri wajen sarki aka kore shi daga gari. Cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya tafi da shi ƙetaren Sahara, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilmi.

A nan ne nake son ki tsaya, don nan ne littafin ya kama ni. Uwar ba ta zauna ba. Ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, aka bi da ita hanyar hamada har Murzuk, wani gari a ƙasar Libiya, duk wahalar da take sha tunaninta na kan yaron. Farkon karatuna ina budurwa, na wuce wannan wuri da sauri don in ga abin da zai sami Umar. Da na sake karantawa ina da goyo a baya, sai da na kife littafin a cinya na daɗe ban ce komai ba. Marubucin bai ja kukan ba, bai cika shafi da sambatu ba, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice ya wuce, kuma wannan taƙaitawar ce ta fi ciwo. Yadda haɗuwarsu ta kasance kuwa na bar miki ki gani da idonki. Har yanzu akwai abin da ke damuna a littafin: Umar yana ba da labarin cinikin bayi cikin sanyin murya, yana mai da komai ga ƙaddara, ni kuwa ina karantawa raina na tafasa. Wataƙila dai wannan sanyin nasa ne ya sa zafin ya koma kan mai karatu.

To ke da kika saba da labaran gidan aure, ki lura da wani abu. Abin da ke riƙe mu a irin littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, shi ne Rabi, matar da miji ya wulaƙanta ya bar ta da 'ya'ya, ta tsaya da ƙafarta ta riƙe su. Wannan jijiyar ce dai ke cikin uwar Umar, duk da akwai shekara hamsin da ɗoriya tsakanin littattafan biyu. Bambancin shi ne a na Balaraba mace ce ke tsakiyar fili, muryarta ake ji, kuma mai zalunci yana girbar abin da ya shuka a gaban idonki. A Shaihu Umar ta bakin ɗanta kike jin labarinta, kuma ba a share miki hawaye da irin wannan sakayya.

Wajen sauƙin karatu, Ruwan Bagaja ya fi. Kina iya karanta babi ɗaya ki ajiye, ki dawo bayan kwana uku ba ki rasa komai ba, don kowane gari da nasa labarin. Shaihu Umar zare ɗaya ne, ya fi son a zauna masa, amma gajere ne, yini ɗaya ya ishe ki. Dukansu za ki ci karo da tsofaffin kalmomi na fada da na fatauci waɗanda ba a cika ji yanzu ba. Kada su tsayar da ke, ki tambayi wani tsoho a gida, sau da yawa amsar kan zo da nata labarin.

Don haka ni dai Shaihu Umar nake ba ki ki fara da shi, ki karanta ke kaɗai da dare bayan gida ya yi tsit. Ruwan Bagaja kuma ki ajiye shi sai ranar da yara suka taru, ki karanta musu da murya. In kin kai inda uwar ta isa Murzuk, ki dawo ki gaya mini yadda kika ji.