Gargaɗi ga masu ɗakin gwaji a gida: a guji man silikon na jabu da ake tallatawa

Jama'a, musamman masu tatso man ƙamshi, masu haɗa turare, da ɗaliban kimiyya da suka kafa ɗan ɗakin gwaji a gida, ku yi hattara da wani mai talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook yana sayar da abin da yake kira man silikon na dumama kwalbar gwaji, wato man da ake zubawa a tukunya a ɗora a murhu, a tsoma kwalbar a ciki don ta ɗauki zafi. Hoton da yake sakawa na gwangwani ne mai tambarin kamfani, amma abin da ke isowa tasha jarka ce babu rubutu ko ɗaya, cike da mai ruwan ɗorawa mai warin gareji. Da idona na ga wanda aka kawo wa wani ɗan'uwanmu. Sai an tura kuɗi cif kafin ya saka kaya a mota. Idan ka nemi takardar bayanin haɗarin man sai ya yi ta hanya-hanya, ka matsa masa kuma ya toshe lambarka.

Asarar kuɗin ita ce ƙaramar damuwa. Man silikon na gaske garau yake kamar ruwa, ba shi da wari, kuma ana ba da kuɗi mai kauri a kansa ne saboda yana jure zafi har wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius ba tare da ya yi hayaƙi ko ya kama da wuta ba. Tsohon man da aka tace daga inji ko taransfoma, wanda warin na jarkar nan ke nuni da shi, ba ya kaiwa nan lafiya. Tun da wuri zai fara tururi, tururin nan kuwa tartsatsi ɗaya daga makunnin murhun lantarki ya ishe shi. Ga shi kuma tsohon mai ba ya rasa ɗigon ruwa a cikinsa. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700, shi ya sa duk wanda ya taɓa ganin ruwa ya faɗa kaskon ƙosai ya san abin da zai faru, sai dai a nan fuskarka tana dab da tukunya kana duba ma'aunin zafi, kuma a cikin kwalbar akwai sifirit.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne man taransfoma. Kowa ya san ɓarayi na zuƙe shi a unguwanni su sayar. Tsofaffin taransfomomi da yawa suna ɗauke da sinadarin PCB, wanda Amurka ta hana yin sa a 1979, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuma ta saka shi cikin gubobin da duniya ta amince a kawar. Yana taruwa a jiki, yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, idan ya ƙone kuma hayaƙinsa ya fi shi muni. Wannan ne mutum zai dumama a ɗakin da yara ke shiga da fita.

Idan man ya riga ya zo hannunka, kada ka ɗora shi a wuta da sunan gwadawa. Ɗiga kaɗan cikin man gyaɗa a ƙaramar kwalba ka girgiza. Silikon mai kauri ba ya narkewa a man gyaɗa, zai sake rabuwa. Idan ka ga sun zama abu ɗaya, an cuce ka. Rufe jarkar ka ajiye nesa da kicin, kada ka zubar a kwata, kuma don Allah kada ka sayar wa wani don ka mayar da kuɗinka.

Yaudarar tana tafiya ne saboda yana gaya wa mutane wai aikin ƙwararru sai da mai. Ba gaskiya ba ne. Itanol, wato sifirit, yana tafasa a digiri 78, sinadarin asiton kuma a 56, duka ruwan zafi a tukunya ya wadatar da su, kuma ruwa ba ya wuce digiri 100 komai daɗewarsa a kan murhu, wannan kansa kariya ce. Sharaɗin kawai a yi da murhun lantarki, ba gas ko risho ba, domin tururin sifirit yana bin kan tebur ya je ya sami harshen wuta. Wanda aikinsa ya haura haka ya samo yashi mai laushi, ya wanke, ya busar sosai, ya zuba a tasar ƙarfe. Yashi yana da nawa wajen ɗaukar zafi, ƙasansa ya fi samansa zafi, don haka a soka ma'auni kusa da gindin kwalba, amma ba ya ci da wuta.

Ku duba kwalaben da yake haɗowa a matsayin kyauta ma. Kwalbar da ke jure wuta ana buga mata Boro 3.3 ko sunan kamfani irin Pyrex ko Duran. Nasa babu komai a jikinsu, gilashin kwalba na yau da kullum kuwa yana kumbura idan ya ji zafi kusan ninki uku na wancan, shi ya sa yake tsagewa.

Mai buƙatar silikon na gaske ya je shagon kayan ɗakin gwaji da ƙafarsa, ya ga gwangwanin a rufe da lambar kaurinsa da iyakar zafinsa a rubuce, ya karɓi rasit. Waɗanda suka riga suka tura kuɗi su adana hoton hirar da shaidar biya, su kai ƙorafi bankinsu da ofishin 'yan sanda, su kuma sanar da shugabannin zauren a cire tallar.