Zoben tagulla na zubi da mai shan mai: yadda suka yi mini a tsohon injin tur

Injin tur ɗina, wato injin fere ƙarfe, tsohon ƙirar Ingila ne, babu boris a kansa, zoben tagulla ne ke riƙe da sandar da ke juyawa. Da zoben ya cinye sai sandar ta fara rawa, aiki yana fitowa da zane-zane. Iri biyu na gwada a nan Yamai.

Na farko shi ne shiryayye da ake sayarwa a leda, wanda ake yi da garin tagulla a matse a gasa. Cikinsa ƙofofi ne kamar soso, wajen kashi 20 cikin ɗari na jikinsa mai ne, shi ya sa yake shafa wa kansa. Kamfanin Chrysler ya fito da shi a 1930 da sunan Oilite. A ƙaramar sandar da ke juya bel ya yi mini daidai, ba ƙara, ba zafi. A babbar sanda kuwa bai burge ni ba. Gwajinsa na milimita ne, injina na inci (inci ɗaya milimita 25.4), dole aka rarake cikinsa, kuma wuƙar da ba ta da kaifi sosai tana shafe ƙofofin. Mai ya daina fitowa, ƙurar hunturu ta ƙarasa sauran.

Sai na koma ga tagullar zubi, wadda ake kira SAE 660: jan ƙarfe kashi 83, kuza 7, dalma 7, zinki 3. Dalmar nan ce ke sa ta yi santsi, ta kuma fi sanda laushi, don haka zoben ne ke cinyewa, sanda ta tsira. Haka ake so, domin sandar irin wannan inji ba ka samunta a kasuwa.

A kasuwar Katako sai an buɗe ido. Rawayan ƙarfe irin na famfo da kwaɗo, wato jan ƙarfe da zinki, yana kwance tsibi ɗaya da tagulla. Mai tur ɗin da ya yi mini aikin ya goga zarto a gefen guntun, ya duba launin, ya ce, “Maigida, wannan mai ja-ja ita ce. Mai ruwan zinariya ka bar wa masu ƙofa.”

Aikinsa ya gamsar da ni. Sai da ya danna zoben cikin mazauninsa sannan ya gama rarakewa, saboda matsewa na rage faɗin ramin. Ya bar sarari kamar kashi ɗaya cikin dubu na kaurin sandar, ya yanka ’yar hanyar mai, ya huda daidai bakin kofin mai na asali.

Zoben zubin ya fi shiryayyen tsada, kuma yana son mai kowace safiya. Yaran shago sukan manta, sai na bi da kaina. Giris kuma ban yarda a sa masa ba, yashi yake tarawa.