Inshorar rai mai wa'adi na ɗauka, ragowar na zuba a sukuk

Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba. To amma ranar da ka bar aikin, ita ma ta bar ka. Ga ni da yara ƙanana, shi ya sa na nemi tawa ta kaina.

Iri biyu wakilin kamfanin ya baje min. Akwai mai wa'adi: in ta Allah ta kasance cikin shekarun da aka ƙayyade, a biya magada, in ka wuce lafiya, shi ke nan. Akwai kuma ta tsawon rai, mai haɗe da ajiya, kuɗinta kuwa ya ninka na farkon sau da yawa. A kanta ya dage. "Yallaɓai, wannan ko kwabonka ba ya ciwon kai."

Na tambaye shi abin da zan karɓa in na fasa a shekarun farko. Da ya nuna min jadawalin, bai kai abin da zan zuba ba. Ga naira kuma. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Miliyan 10 da aka rubuta maka a takarda yau, me za ta saya wa marayu bayan shekara 30?

Sai na ɗauki mai wa'adi a tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Gudummawa ce ake haɗawa don tallafa wa juna, hankalina ya fi kwanciya da hakan. Bambancin kuɗin nake tarawa in sayi sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da ake samun ladan haya maimakon kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017. Duk wata 6 ladan haya na shigowa asusuna. Shi ma ba kullum yake cim ma tsadar kaya ba, sai dai kuɗina ne, ina iya sayarwa.

Abin da bai gamshe ni ba: cike takardu ya ja lokaci, kuma in wa'adin ya ƙare, sabuntawa za ta yi tsada don shekaru sun ja.

Wanda ya san biki da suna za su cinye masa ragowar, gara ya ɗauki mai ajiyar, ko ba komai ana tilasta masa tanadi. Ni banki na sa yake cire nawa ranar albashi.