Word ya fitar da ni kunya, shagon bugu ya so mayar da ni

Islamiyyarmu za ta yi saukar karatu, ɗalibai 23, aka ɗora mini haɗa ɗan littafin da za a raba wa iyaye: hoton kowane yaro, tarihinsa a gefe. Dare biyu ina fama da shi a Word, manhajar rubutu ta kwamfuta. Duk hoton da na saka sai ya zauna cikin layi kamar wani ƙaton harafi, ya ture rubutu ƙasa, ya bar fili fayau a gefensa. In ja shi, ya ƙi zuwa inda nake so.

Ƙanwata ce ta leƙo ta ce, "Yaya, danna hoton mana." Ashe wani ɗan maɓalli na fitowa a kusurwar dama ta saman hoton, Layout Options, na zaɓen yadda rubutu zai zauna da hoto. Na zaɓi Square. Wallahi nan take rubutu ya zagaye hoton tsaf, kamar shafin mujalla! Tambarin makarantar kuwa da'ira ne marar bango, na ba shi Tight, sai ga kalmomi suna bin lanƙwasarsa. Na jima ina kallon allon ina murna.

Abin da ya fi burge ni wata 'yar alama ce mai siffar ƙugiya da ke bayyana a gefen shafi idan ka danna hoto. Kowane hoto a ɗaure yake da sakin layin da take kai. Ka ƙara rubutu a sama, yaro da tarihinsa su sauka tare. Ka goge sakin layin gaba ɗaya, hoton ya bi shi. Da na gane wannan, kafin sallar asuba na kammala. A wannan ɓangare Word bai rage ni da komai ba.

To amma raina na ɓaci duk lokacin da na tuna shagon da na kai bugu. Yaron shagon ya buɗe aikin da wata manhaja daban, babu irin harafin da na yi amfani da shi a kwamfutarsa, layuka suka zame. Bai duba ba, bai kira ni ba, ya buga kwafi 60. Na buɗe shafi na bakwai, sai ga hoton wata yarinya a gefen tarihin wani yaro, wani hoton kuma ya hau kan sunan mahaifi ya rufe shi. Wa zai miƙa wa iyaye wannan? Da na yi magana sai ya ce, "Malam, haka ka kawo shi." Ba haka na kawo shi ba!

Na koma gida na adana shi a PDF, nau'in fayil da tsarin shafinsa ba ya zamewa, na kai wani shagon, kowane hoto ya fito a mazauninsa. Kuɗin takardar farko dai daga aljihuna ya fita, kuma har yau mai shagon bai ce min ko yi haƙuri ba.