Cefanen iyali a Ingila: me za a ɗauko daga Kano, me za a saya a can?

Iyalin da suka tashi daga Kano suka koma Ingila, ko karatu ya kai maigida ko aikin asibiti ya kai uwargida, bayan sanyi ba abin da ke fara gigita su kamar cefane. A nan gida kowa ya san hanya: hatsi Dawanau, kayan masarufi Singa, kayan miya 'Yan Kaba, nama wurin mahaucin unguwa. A can ba tayi, ba "albarka", ba gyara, ba kuma kwano. Komai da kilo, kuɗinsa a manne. Shawarata ita ce kada a jingina tukunyar gida da kanti ɗaya, domin kowanne akwai inda ya fi sauƙi da inda yake yanka.

Manyan kantuna su ne na madara, ƙwai, burodi, taliya, mai, sabulu da kayan yara. Aldi da Lidl, waɗanda asalinsu na Jamus ne, galibi sun fi araha, sai dai kayansu ba su da yawan iri. Tesco da Sainsbury's sun fi zaɓi, amma ragin farashinsu mai tsoka na masu kati ne, Clubcard ko Nectar. Katin kyauta ne, a yi shi tun makon farko. A riƙa duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan farashi, wanda ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya, shi ne ma'aunin gaskiya tsakanin babbar leda da ƙarama. A tafi da jaka daga gida, don tun 2021 ledar zuba kaya ba ta ƙasa da kwabo 10 na kuɗinsu, a kuma riƙe tsabar fam 1 ta kwance keken tura kaya. Ranar Lahadi dokar 1994 ta taƙaita wa manyan kantunan Ingila awa 6 kacal, wanda ya bari sai bayan la'asar yana iya tarar da ƙofa a rufe. Miyar dage-dage kuwa daga nan take fitowa da sauƙi: tumatirin gwangwani, jan tattasai manya biyu, albasa, attaruhu ɗaya.

Inda Bakano zai fi sakewa shi ne shagunan 'yan Pakistan, Indiya da Turkawa, irin na Alum Rock a Bamingham ko Cheetham Hill a Manchesta. Nan ake samun shinkafa buhun kilo 10 ko 20, albasa da buhu, citta, kanumfari, tsamiya, ɗanyar kuɓewa. Gero ma akwai, sai dai a tambaye shi da sunan bajra, dawa kuma jowar, yawanci a niƙe. Kunu da fura ba su gagara ba ke nan. Mafi yawan shagunan nan da mahauta a ciki, ka nuna cinya ko haƙarƙari a sare maka da ƙashinsa. Idan uwargida na son kaza mai tauri wadda ke jure dahuwa kamar ta gida, a nemi tsofaffin kajin da suka gama ƙwai. Ta kanti tana narkewa kafin romo ya yi daɗi. Batun halal a duba shi da idon basira. Akwai tambarin ƙungiyoyin tantance halal: na HMC, masu ƙin a sumar da dabba kafin yanka, akwai na HFA, waɗanda suka yarda da sumarwa muddin dabbar na da rai lokacin yankan. Kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi, amma ya san me ya saya. Haka alewar yara mai danƙo: da yawa akwai sinadarin jelatin na alade a ciki, sai an karanta bayan leda.

Shagunan 'yan Afirka, irin na Peckham a Landan, su ke da manja, doya, garin kwaki, Maggi da Indomie. Suna fitar da mutum kunya, amma akwai tsada, kuma girkin kudu suka fi yi wa tanadi. Daddawar da za a miƙo maka ta Yarabawa ce mai laima, ƙamshinta daban da tamu ta kalwa da aka daka aka busar. Kuka kuwa sai an dace.

Saboda haka akwatin da za a cika a Kano a ba shi abin da ba nauyi, ga auki, ga wuyar samu a can: kuka, busasshiyar kuɓewa dakakkiya, karkashi, daddawa, kanwa, yajin ƙuli, zoɓo, zogale busasshe. Zagaye ɗaya a Kasuwar Rimi ya isa. Shinkafa da taliya kada su cinye kilo 23 ɗin da kamfanin jirgi ya bayar, asara ce. A shanya komai ya bushe ƙarau, a ninka leda, a rubuta sunan kowanne da Turanci a jiki. Daddawa ta shiga roba mai murfi sannan leda, in ba haka ba atamfar Hajiya da shaddar Alhaji duk sai sun ɗauki ƙamshin miyar kuka.

Ga wanda ba ya tafiya ko da an roƙa: kilishi, dambun nama, man shanu da duk wani abu na nama ko nono. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da su daga ƙasashe irin Najeriya, ana ƙwacewa a filin jirgi, ana kuma iya hukunta mutum. Na san abin da ciwo, musamman idan Gwaggo ce ta aiko da man shanun da hannunta, to a cinye shi kafin ranar tafiya. Wake ma a bar shi, tun 2015 Tarayyar Turai, wadda Birtaniya ke cikinta a lokacin, ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa, ga shi kuma farin wake mai baƙin ido cike yake a shagunan 'yan Asiya, yana yin ƙosai da alala lafiya lau. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma kilo 2. Dokokin nan sukan canza, a leƙa shafin gwamnatin Birtaniya a makon tafiya kafin a ɗaure kaya.