Irin masarar da za ka saya bana: lissafin kwanaki kafin lissafin buhu

A shagon iri, abin da aka fi nuna wa manomi shi ne yawan buhunan da iri ke bayarwa a hekta. Wannan lissafi na gonar gwaji ne, inda taki ya wadata. Tambayar da ya kamata ka fara yi wa mai shago ita ce: kwana nawa yake yi ya nuna? Damina ta zama mai wuyar sha'ani, ruwa ya sauka ya ɗauke mako biyu ko uku, zafi kuma ya ƙaru. Masara ta fi jin jiki a lokacin da ta fid da fure tana shirin goyo. Idan zafi ya haura digiri 35 a waɗannan kwanaki, ga ƙasa a bushe, garin furen yakan mutu, sai ka ɓare goyo ka tarar da ƙwayoyi jefi-jefi.

Masu binciken iri a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, sun bi wa matsalar ta hanya biyu: irin da zai nuna kafin ruwa ya ɗauke, da irin da zai daure idan fari ya riske shi a gona.

Na farko su ne masu saurin nuna sosai, kamar SAMMAZ 28 mai ruwan ɗorawa da SAMMAZ 29 fara, waɗanda ke kai wa girbi cikin kwana 80 zuwa 85. A na biyu akwai SAMMAZ 27, mai ɗaukar kamar kwana 90 zuwa 95, tana jure fari da wuta-wuta. Ga manomin arewacin Kano, Katsina, Jigawa ko Sakkwato, ni a nan zan tsaya. Gaskiya ne ba su kai masu dogon zango yabanya ba, amma buhu goma sha biyar a rumbu ya fi talatin ɗin da ruwa ya ɗauke ya bari a kara. Suna kuma ceton wanda shukarsa ta farko ta ƙone, ya koma maimai a watan Yuli.

A Zariya, Funtuwa ko Saminaka, inda damina ke da tsawo, sayen mai kwana 80 asarar ruwa ce. Can SAMMAZ 15, mai ɗaukar kwana ɗari da 'yan kai, ta fi dacewa, musamman a gonar da wuta-wuta ta yi wa katutu.

Sai batun haibirid, wato irin da ake samu ta hanyar haɗa auren iri biyu daban. Yabanyarsa ta fi, babu jayayya, amma da sharaɗi biyu: taki isasshe a kan lokaci, da sayen sabon iri kowace shekara, domin wanda ka ɗebo daga rumbu ba zai maimaita abin da ya yi ba. Waɗanda na ambata a sama kuwa kana iya ajiye irinsu ka shuka damina biyu ko uku kafin ka sabunta. Wanda bai da tabbacin kuɗin taki, kada ya fara da haibirid. A cikin rukunin haibirid akwai masarar TELA, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, da aka fitar a Janairun 2024, mai jure fari da tsutsar da ke cinye masara. An sauya mata ƙwayar halitta ne, kuma ana ta muhawara a kan haka. Haƙƙinka ne mai shago ya faɗa maka kafin ka biya. Inda tsutsa ke cinye kuɗin feshi duk shekara, ta cancanci a gwada ta a ɓangaren gona.

Akwai kuma wuraren da amsar ba masara ba ce sam. A jigawar da ke kan iyakar Nijar, gero ya fi kowace masara jure zafi. A irin gero, SOSAT-C88 sananne ne, Chakti kuma da aka fitar a Nijar a 2018 na nuna cikin kamar kwana 65. Illarsu ɗaya: gonar da ta riga sauran nuna ita tsuntsaye ke taruwa a kai, don haka gara ku haɗa baki da maƙwabta ku shuka tare.

Ko wanne ka zaɓa, duba hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, na yankinka tukuna. Nemi buhu mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC, da lambar da ake kankarewa a tura ta waya, domin ana rina hatsin kasuwa a sayar da sunan ingantaccen iri. Duba shekarar da aka zuba shi, tunda zafin shago na kashe iri. Ka fara sayen ƙaramar leda, ka jera ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen buhun algarara na mako guda. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 85 ba, sauya shago. Hekta ɗaya na cin kimanin kilo 20, kuma ba dole ba ne duka su zama iri ɗaya: rabi mai sauri, rabi matsakaici, ta yadda fari ba zai same su duka suna fure a mako ɗaya ba.