Sabon ɗakin ajiye shara a gidajen ƙaramar hukuma: gyaran ya yi kyau, amma da sauran aiki

Dogayen benayen da ƙananan hukumomin Landan suka gina domin haya tsakanin shekarun 1950 da 1970 ba a tsara su da tunanin ware shara ba. Abin da magina suka tanada a yawancinsu shi ne bututu guda da ya sauko daga hawan ƙarshe zuwa ƙasa, mai ƙaramar ƙofa a kowane hawa, inda mutum ke cusa ledar shararsa ta faɗa cikin wata babbar garwar ƙarfe. Kwalba da kwali da ragowar shinkafa da famfas ɗin yara duk hanyarsu ɗaya ce. Da aka fara maganar sake sarrafa shara, sai aka jera wasu kwanduna can gefen wurin ajiye motoci, aka ce jama'a su riƙa kai kwali da gwangwani. A haka unguwarmu ta daɗe, kafin ƙaramar hukumar da ta mallaki gidajen ta sake fasalin wurin gaba ɗaya, kuma wannan aikin nake so in auna.

Abu mafi amfani da aka yi shi ne haɗa komai wuri guda, a kan hanyar da kowa yake bi idan zai fita. An gina ɗaki mai rufi da bangon ƙarfe, an shimfiɗa daɓe mai magudanar ruwa domin a iya wanke shi, an sa fitila da ke kunna kanta idan mutum ya shigo, sannan aka jera manyan kwanduna masu taya, irin masu ɗaukar lita 1,100, kowanne da launinsa da hoton abin da ake zubawa a ciki. Hotunan nan sun fi dogon rubutu tasiri nesa ba kusa ba, domin a benenmu akwai dattawa da dama da ba sa karanta Turanci, amma babu wanda zai kasa gane hoton kwalba ko na jarida. An kuma raba wa kowane gida jaka mai ƙarfi da ake tara kayan sake sarrafawa a ciki, a juye, a dawo da ita. Tun da aka gama aikin wari ya ragu ƙwarai, ɓeraye da dilolin da ke yaga ledoji da dare sun rasa hanyar shiga, kuma an nisanta ɗakin daga bangon gidajen, abin da duk wanda ya tuna gobarar benen Grenfell ta 2017 zai yi maraba da shi, ko da yake ba daga shara waccan wutar ta tashi ba.

Ba hukumar ce ta ƙirƙiro wannan dabara ba. A tsakanin 2018 da 2019 shirin Resource London, wanda aka kafa domin taimaka wa ƙananan hukumomin Landan kan sake sarrafa shara, ya gwada irin waɗannan gyare-gyare tare da ƙungiyar gidaje ta Peabody a unguwanni 12, kuma kason sharar da ake warewa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, gurɓata kwanduna da kayan da ba nasu ba kuma ya ragu da kwatankwacin haka. Darasin a bayyane yake: mazauna benaye ba su fi kowa sakaci ba, wuri mai tsabta da sauƙin kaiwa ne suka rasa. Landan, inda jama'a da yawa ke zaune a benaye, tana sake sarrafa kimanin kashi 33 cikin 100 na sharar gidaje, alhali Ingila gaba ɗaya tana kusa da kashi 44.

Inda aikin ya gaza kuwa, ya gaza ne a kan mutanen da suka fi buƙatar kulawa. An toshe tsohon bututun, bisa hujjar cewa yana yawan cushewa kuma yana sa mutane su zuba komai a haɗe. Hujjar tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma tsohuwar da ke hawa na goma, wadda a da takun ƙafa kaɗan ke tsakaninta da ƙofar bututu, yanzu dole ta sauko ƙasa da leda a hannu, kuma duk ranar da na'urar hawa bene ta lalace sai dai ta jira jikanta ko maƙwabci. Ya kamata a ce kafin a rufe bututun an bi gida-gida an rubuta sunayen tsofaffi da masu lalura, an shirya wanda zai riƙa karɓar shararsu a bakin ƙofa.

Matsala ta biyu ita ce ramin da aka yanka a murfin kwandon kwali. An kulle murfin, an bar siririn rami domin kada a jefa baƙar leda, amma a zamanin da kowa ke sayen kaya ta intanet, manyan kwalaye ba sa shiga sai an yayyanka su. Mutane sai su jingina su a bango, ruwan sama ko jiƙar daɓe ta lalata su, kwalin da ya jiƙe kuwa darajarsa ta faɗi. A ƙarshen mako kwandunan kan cika su tumbatsa, kuma idan masu kwashe shara suka tarar an gurɓata ɗaya, sukan manna masa takarda su bar shi, sai ya zama gidaje da yawa suna shan hukuncin laifin mutum ɗaya. Girman ɗakin ya isa, yawan zuwan motar ne bai isa ba.

Ragowar abinci shi ne sabon abu. Dokar Muhalli ta 2021 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun tsayar da 31 ga Maris 2026 a matsayin ranar da gidajen Ingila, har da na benaye, za su samu kwasar ragowar abinci kowane mako, tare da kwalba, ƙarfe, roba, takarda da kwali. An ba mu ɗan bokiti mai murfi da ledoji, kuma tsarin yana aiki, sai dai bokitin ya yi wa gidan da ake girka wa mutum shida ko bakwai kaɗan, ledojin kuma idan sun ƙare samun wasu yana ɗaukar lokaci. Babu kuma wurin ajiye tsofaffin batura, ga shi baturan litiyam suna haddasa gobara a motocin shara, don haka sai mutum ya kai su manyan kantuna. Tsofaffin katifu da kujeru ma ba a ware musu wuri ba, suna nan jibge a bakin ƙofar ɗakin.

Duk mazaunin da hukumarsa ta turo masa takardar neman ra'ayi kan irin wannan aiki, shawarata ita ce ya amince, amma ya nemi a rubuta masa sau nawa mota za ta riƙa zuwa a mako, da abin da aka tanadar wa waɗanda ba sa iya saukowa. Waɗanda suka sayi gidajensu daga hukuma kuma su tambayi nawa za a ɗora musu a kuɗin hidima tun kafin a aza tubali.